Fentin Kawu da Barcin Kaka

Ban taɓa ganin zaman makoki irin na Kawu ba. Kuka mun yi shi, wallahi mun yi, ranar da aka fita da shi har muryata ta dushe. Amma kafin a yi sadakar uku, gidan nan na Badariya ya koma wani abu dabam. Mace za ta shigo da idanu jawur, ta durƙusa gaban matar Kawu ta ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙanai, shi sa ya huta." Ta samu gefen tabarma ta zauna, ta share hanci, can sai ka ji ta ce, "Ke, kin tuna randa yas sauka mota hanyar Argungu, wai direba na nawa, gara shi tahi ƙasa?" Wata ta cafe, "Motar ta ishe shi gaba shina haki, yat tsai da ta yas sake shiga!" Sai dariya ta ɓarke, ana toshe baki da mayafi, hawaye na zuba.

Liman ya aiko daga zaure wai mata su ji tsoron Allah, gidan rasuwa ne. Ba a jima ba muka jiyo tasa dariyar ta kan katanga, har da tari. Ashe wani ne ya tuna masa ranar da Kawu ya tada iƙama shi liman yana tsakiyar alwala.

Wanda ya karya mini zuciya shi ne Foman. Tsohon maƙwabcin Kawu ne, Kirista, mutumin can wajen Filato, wanda ya yi aikin gine-ginen gwamnati a nan Birnin Kebbi har ya yi ritaya ya koma garinsu. Ɗansa ne ya kawo shi, yana dogara sanda. Ya yi gaisuwa a zaure, sannan ya roƙi a yi masa iso cikin gida. Ya wuce kai tsaye ɗakin da har yau muke kira ɗakin Kaka, ya tsaya a tsakiya ya ɗaga kai yana kallon rufi. Ya miƙa sandarsa ya ɗan ƙwanƙwasa. Sai ya ce, "Mai albasa, ka ga bai ɓare ba," ya fashe da kuka. Jikokin Kawu suka yi cirko-cirko, suna tambayata me ke tsakanin tsohon nan da saman ɗaki. Su ba su san kowa ba sai tsoho mai ciwon gwiwa, mai zama kan kujera yana faɗa da rediyo. To, ni na san wancan Kawun, kuma ba zan yarda a manta da shi ba ina da rai.

Kawu yayan mahaifiyata ne, Bakabe haifaffen Argungu. Fataucin albasa da shinkafa ne ya kawo shi Birnin Kebbi. Gajere ne kakkaura, ga murya. In ya yi raɗa a zaure, a madafa ake amsa masa. Bai san "anjima" ba, bai san "gobe" ba, komai nasa yanzu-yanzu ne. Tuwo daga tukunya sai bakinsa, yana hura iska yana buga ƙafa a ƙasa. Karin maganarsa guda ce, da ita yake kare kansa a kan komai: "Icce tun shina ɗanye aka tanƙwara shi." In matarsa ta ce masa sauri ya haifi nawa, sai ya ce, "To, shi haihe ta mana, ba ni ka yanka ragon suna ba."

Amma saurin nan shi ne alherinsa. Wata rana wata mai fura ta yanke jiki ta faɗi a tasha, mutane suka kewaye ta ana shawarar motar da za a tsayar. Kawu ya kifar da buhunan albasarsa daga amalanke, ya sa aka ɗora ta, ya tura da gudu har asibiti. Bai san ta ba, bai tambayi ko 'yar wane gida ce ba. Da ya dawo awaki sun yi biki da albasar, ya bi su da zagi har bakin kasuwa.

Labarin da ya sa Foman kuka kuwa na Kaka ne, mahaifiyar su Kawu. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a ba mu tamu ba tukuna, Badariya ma gidaje ne tsilli-tsilli. Kaka tana Argungu cikin shigifarta ta ƙasa mai rufin azara. Ni ina aure a can, da goyon ɗana na fari, ƙofar gidana na kallon tata.

Kowa a danginmu ya san Kaka ba ta barci in ana ruwa. Tun tana da ƙuruciya, wata damina, ta ga ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan daga tsakanin azara, ta ɗauka ba komai ba ne. Da rufin ya tashi ruftawa, Kawu ne goye a bayanta, ta fita da shi. Yayarsa, 'yarta ta fari, tana kwance a kan gado. Ba ta fito ba. Tun daga ranar, da hadari ya haɗo, Kaka za ta jawo 'yar kujerarta bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, idonta a sama, har ruwa ya ɗauke. In kwana aka yi ana ruwa, a zaune za ta kwana. Duk damina sai ta rame, ƙafafunta su kumbura. Kawu ba mai yawan zancen zuci ba ne, amma na taɓa jin ya ce wa mahaifiyata, "Ni tah hitar. Ban mutuwa sai na ga tsohuwag ga ta yi kwana ana ruwa." A bakinmu na nan, kwana shi ne barci. Wannan ne burinsa, bai da wani.

A shekarar da nake magana, shigifar ta tsage tun daga kusurwa, gara ta cinye kan azara, magina suka ce ba za ta ƙare wata daminar ba. Kawu ya zo ya durƙusa ya roƙi Kaka ta koma gidansa. Ɗakunansa duk na kwano ne. Ta ce, "Kwano? Shi kurumta ka, ko bango na hwaɗuwa ba ka ji. Ba ni zuwa."

Ya ce, "Inna, in yi maki na kankare, wanda ko giwa ta hau ba shi motsi?"

Ta ce, "Yi mu gani."

Don ta rabu da shi ta faɗa. Ba ta san ɗanta ba ne? Washegari da safe an fara haƙa tushe.

Foman ne ya tsaya a kan ginin, bayan ya tashi aiki, don zumunci kawai. Su biyun nan kullum cikin faɗa suke ta kan katanga, a kan kaji, a kan kwata, a kan wa ya fi wani iya noman tumatir. Amma da Sallah cinyar rago ke tsallaka katangar, da Kirsimeti kuma kwanonin shinkafa su tsallako. Da aka zuba kankaren rufi, Foman ya san halin mutuminsa, sai ya ɗauke tsani ya kulle a gidansa har kankaren ya kama. Kawu ya yi ta masifa, bai samu tsani ba.

Inda aka samu matsala shi ne wajen filasta. Cikin bazara ne, magina suka shafe cikin rufin da siminti sumul, aiki kuma ya kira Foman Sakkwato. Kafin ya hau mota ya ja kunnen Kawu: "Mai albasa, kada ka taɓa shi. Ka bar taga a buɗe, ka bar shi ya bushe sai na dawo." Kawu ya ce to. Da la'asar ya fito ya hangi wani ɗan gajimare can gabas, wanda ko tsuntsu ba zai jiƙa ba. Shi ke nan, hankalinsa ya tashi. Ya faɗa kasuwa ya dawo da gwangwanayen fentin mai, shuɗi mai ƙyalli.

Mai filasta ya ce, "Maigida, ɗanye na hwa."

Kawu ya ce, "Kai, rabu da ni! Mu garinmu hwarar ƙasa ga ɗanyen yaɓe aka shahwa ta, ta hi kamawa. Siminti ba yaɓen Turawa na ba? Icce tun shina ɗanye..."

Bai ma ƙarasa ba ya haye duro da buroshi. Da kansa ya shafa, kauri-kauri, yana yi yana waƙa, fenti na ɗiga a gemunsa. Kafin shafin farko ya sha iska ya maimaita. Da ya gama ya rufe taga ruf, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, wai kada ƙura ta ɓata masa ƙyalli.

Kai, amma ɗakin ya yi kyau! Ba zan ɓoye ba. Ranar da ya zo Argungu da a-kori-kura, tun daga bakin unguwa yake danna oda, yara na bin motar da gudu. Aka kwashi Kaka da kwallayenta da tukwanenta da kajinta, ni ma na saɓa goyo na haye. Duk hanya Kawu na ba ta labarin rufi, ita kuwa tana ta tauna goronta. Da muka isa ya buɗe ƙofa, muka ga fuskokinmu a sama, na rangaɗa guɗa. Kaka ta yi bisimilla ta sa ƙafa, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ina azara?"

"Babu, Inna. Ƙarhe na ciki."

"Ƙarhen da ba ni gani."

Duk da haka ta zauna. Na tsaya in taya ta sabawa da wuri. Ba a yi wasu kwanaki ba na lura fentin ya fara yin bororo nan da can. Na nuna wa Kawu, ya ce in rufe masa baki, haka fenti mai tsada yake yi kafin ya kwanta.

Wata rana da hantsi Kaka tana dama fura a tsakar ɗaki, ɗana yana barci a kan gadonta, ni ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa. Sai wani ɓawon fenti kamar tafin hannu ya saki ya faɗo cikin ƙwaryar furar, fal! Wani kuma ya biyo shi ya sauka a kan zanen yaron.

Tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa, ban ga tashinta ba. Na dai ga ƙwarya ta kife, ta suri yaron, ta bangaje ni ta yi waje tana ihu, "Ku hita! Ku hita! Ruhi na zuba!" Tana gudu tana kiran suna, kuma sunan da take kira ba na ɗana ba ne. Na 'yarta ne da ta rasu. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ta zube a gindin bishiyar dogon yaro, ta ƙi sakin ɗan nawa. Aka kira Kawu daga tasha. Ya shiga ɗakin ya fito da ɓawon a hannu, ya durƙusa gabanta yana murza shi. "Inna, henti na! Dibi, hwata ta kawai, ruhi lahiya lau shi ke!"

Ta ce, "Wancan ma da kaɗan-kaɗan yas soma."

Ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ya kira matarsa ta yi shaida. Ina! Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kaka ta ce a mai da ita Argungu a ranar. "Ɗakina na san maganatai. In za shi hwaɗi shina gaya man. Wanga ko kurma na, sai ƙyalli." Haka aka sake loda kwallaye da kaji. A hanyar komawa Kawu bai danna oda ko sau ɗaya ba, ya sauke ta a ƙofar shigifar da ta tsage, ya juya.

Abin da ya biyo baya, wani matar Kawu ce ta ba ni, wani na gani da idona, don na riƙa zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu. Foman ya dawo ya leƙa ɗakin, ya ga rufi duk ya yi zane-zane yana reto. Ya ce, "Me na ce maka?" Ai sai faɗa ya kaure. Kawu ya ɗora laifi a kan mai sayar da fenti, ya ɗora a kan mai filasta, ya ɗora a kan simintin da Foman ya zaɓa, ya ɗora a kan bazara. Foman ya ce, "Ruwa ne a cikin filasta yana neman hanyar fita, kai kuma ka toshe masa hanci da mai, ka kulle ƙofa. Ta ina zai bi? Dole ya ture fentinka!"

Kawu ya ce, "Kai ɗan kan dutse, mi kas sani ga ginin ƙasarmu?"

Foman ya ce, "To, ka kira albasa ta gyara maka." Ya fice ya bugo ƙofa.

Ashe shi Foman bai san dalilin ginin ba. Ya ɗauka burga ce irin ta mai albasa ya samu kasuwa. Da yamma matar Kawu ta leƙa ta katanga ta ba matar Foman labarin yarinyar da rufi ya danne. Da gari ya waye sai ga Foman da makankara biyu da sanfefa, takardar nan mai kaushi ta guga. Bai yi sallama da Kawu ba, bai dube shi ba, ya haye duro ya fara kankara. Kawu ya tsaya yana susar ƙeya, can ya ɗauki ɗayar ya haye duro na kusa. Suka yi ta aiki ba mai ce wa wani kanzil, har wani ɓawo ya faɗa wa Kawu a baki ya hau tofe-tofe. Foman ya ce, "Madalla, ya sami gidansu." Dariya ta kusa kayar da su daga kan duro.

Kankara ba wasa ba ce. Wuya ya ƙage, ido ya cika da gari. Inda fentin ya saki yana zuwa salin-alin, inda ya kama kuma sai an yi da gaske. Foman ya ce ko ɗigon shuɗi ba za a bari ba, don duk abin da aka shafa a kansa tare za su sauko. Suka kankare tas, suka cike inda makankara ta yi rauni, suka goge da sanfefa, suka share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma. Kawu ya sauko yana murna ya ce a kawo fenti.

Foman ya ce, "Yanzu sai jira."

"Har yaushe?"

"Har ya bushe."

Ya nuna masa yadda filastar ta yi dabbare-dabbare, wani wuri fari wani wuri duhu. Sai duhun nan ya ɓace duka. Ya yanko 'yar leda ya liƙa a rufin, ya ce duk safiyar da aka ɗaga aka ga gumi a ƙarƙashinta, da saura. Kawu ya gwada wayo iri-iri. Ya riga Foman zuwa ya goge gumin da hannun riga, Foman ya gane. Ya shigo da kaskon gawayi zai gasa rufin, Foman ya kama shi a bakin ƙofa ya ce in ya kuskura filastar za ta tsattsage, a koma farko.

Ana cikin haka ruwan fari ya sauka. Ruwa bai gama ɗaukewa ba na ji motar Kawu a ƙofar gidan Kaka. Ya tarar da ita yadda ya sani, a kan kujera a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga a bayanta, tsagar bango ta buɗe har hannu na shiga. Ya hau ya shimfiɗa tamfol, ya sa gwafa ya tokare azara. Ya sauko ya tsuguna gabanta jiƙe sharkaf, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga ƙafafunta sun fara kumbura. Ya miƙe ya nufi motarsa. Na tausaya masa ranar ƙwarai da gaske.

Daga nan ya koma gida ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya jira. Ya daina goge leda, ya daina faɗa. Matarsa ta ce in ya dawo daga tasha sai ya shimfiɗa tabarma a ɗakin, ya buɗe taga da ƙofa, ya kwanta rigingine yana kallon duhun nan yana raguwa. Har tsoro ya ba ta, ta tambaye shi ko a jiƙa masa magani.

Ranar da aka ɗaga leda aka gan ta a bushe ƙamas, unguwa duka ta ji. Foman ya zo da fentin ruwa, ya tsiyaya kaɗan a bokiti ya maka masa ruwa ya dama. Kawu ya leƙa ya ce, "Wanga ai ruwan wankin shinkahwa na!" Foman ya ce haka ake so, shafin farko na filasta ne, ta sha ta ƙoshi, sannan na bayansa ya sami abin kamawa. Aka shafa, rufi ya shanye kamar ba a yi komai ba. Aka bar shi ya bushe, sannan aka bi da mai kauri, aka sake bari, aka sake bi. Wannan karon fari Kawu ya zaɓa, marar ƙyalli, irin farar ƙasar da idon Kaka ya saba da ita.

Saura babban aiki. Kaka ta ce ko da sarƙa ba ta komawa. Na yi mata tsiya irin ta jika, na ce tsohuwa tana tsoron fenti, ta ce in ci gidanmu. Kawu ya zauna a ƙasa ya ce, "Inna, ke hwaɗi da bakinki. Mi za ki gani ki yarda?"

Ta ce su a da, in ana shakkar rufi, baƙin zane ake shimfiɗawa a ƙasa, a sa mutum ya hau sama ya taka. In an ga wani abu a kan zanen, rufi ya gama yayi.

Kawu ya yi zumbur ya miƙe. "Takawa kawai? Wallahi lugude za a yi!"

Ta yarda za ta je ta gani, da sharaɗin ba za a sauke kayanta daga mota ba. Ranar kuwa, wayyo, ina ma kuna nan! Kawu ya bi gida-gida ya aro turame, aka ɗaura musu igiya aka ja su sama. Foman ya dafe kai yana cewa za a kashe shi, ya bi yana cusa buhu a ƙarƙashin kowane turmi. Muka hau tsani ɗaya bayan ɗaya muna kame zane, ni da matar Kawu da matar Foman da 'yan matanta da matan maƙwabta. Kaka ta hango daga ƙasa ta ce, "Kul! Ba a daka turmi wohi." Aka miƙo gero aka zuba. Ta kwance baƙin zanenta na rini, ta tsaya daga bakin ƙofa ta wurga shi tsakar ɗakin, ta miƙar da shi da sanda. Ta ja kujera ta zauna a waje.

Sai Foman ya cire hularsa ya wuce ta gabanta ya shiga ɗakin, ya jingina da bango ya harɗe hannu. Ya ce, "Mama, ni ina nan ciki. In zai faɗo, ni zai fara samu."

Kawu ya ɗaga hannu daga sama ya ce, "Bisimilla!"

Taɓare suka sauka. Lugude muka yi na gaske, ana cilla taɓarya sama a tafa a cafe, matar Foman ta fi mu duka iyawa. Guɗa ta ko'ina, yara sun cika katanga, masu wucewa da kekuna sun tsaya. Kawu da babbar riga yana tsalle a tsakiyarmu yana dira da ƙafa biyu, ya ruga bakin rufi ya leƙa ƙasa, "Inna, ya zuba?" Ba ta kula shi ba. Ya dawo ya ƙwace taɓaryar matarsa ya hau daka, gero na fallatsa, ya sake rugawa, "Inna, ya zuba?" Muka yi har hannuwa suka mutu, gero ya zama gari.

Kaka ta ɗaga sanda, aka tsaya. Ta jawo zanen a hankali ta fito da shi rana, ta shimfiɗa a cinyarta tana binsa da ido. Mu muna sama mun yi jeri a bakin rufi, ba mai ko tari. Sai yatsanta ya tsaya. Wani ɗan fari ne ƙil a gefen zanen. Na ji Kawu ya ce innalillahi a bayana. Ta lashi yatsa ta ɗauke shi, ta kai kusa da ido, ta sa a harshe.

Ta ce, "Dussa ta. Ta taga tash shigo." Ta kakkaɓe zanen. "A sauke kaya."

Kawu bai bi ta tsani ba, ta kan tulin yashi ya diro. Ya rungumi Foman ya ɗaga shi sama, Foman na ihu a sauke shi. Garin da muka daka aka yi fura da shi, kowa a unguwar ya sha.

Kaka ta tare. Shigifar Argungu ta zube a tsakiyar daminar, ba kowa a ciki. Amma kada ku ɗauka an gama. Da hadari ya haɗo, sai ga Kaka ta jawo kujerarta bakin ƙofar sabon ɗaki, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ido a sama. Ruwa ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, tana nan. Na zaci Kawu zai hau ta da surutu. Ko kalma bai ce mata ba. Yakan leƙo daga zaure ya gan ta, ya koma.

Ranar da abin ya faru ina gidan. Cikin marka ne, bayan azahar, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Muna ɗakin matar Kawu ta ce in kai wa Kaka kunu. Na lulluɓa na ruga. Na tarar da kujera a bakin ƙofa ba kowa a kai. Na leƙa, sai na gan ta kwance a kan gado ta juya wa ƙofa baya, ba ta motsi. Na dire kwanon a nan. Na koma da gudu na kira Kawu.

Ya shigo ba takalmi. Ya tsaya a kanta, ya sunkuya, ya daɗe. Sai muka ji wani ɗan minshari siriri.

Kawu ya fito da baya da baya, a kan yatsun ƙafa. Ya tsaya tsakar gida ruwa na dukansa, ya shiga yi wa kowa alama da hannu a yi shiru, matarsa, yara, har kaji. Aka yi wata tsawa, ya ɗaga kai ya harari sama ya kai yatsa baki, sai ya tuna, ya hau istigfari. Ya lallaɓa bakin katanga ya ɗago kai, Foman ya leƙo da buhu a ka. Ranar ce kaɗai a duniya na ga Kawu ya yi raɗar da ba ta wuce kunnen wanda ake yi wa ba. Sai da na matsa na ji abin da yake ta maimaitawa, yana dariya yana kuka: "Inna na kwana. Ana ruwa, Inna na kwana."

Ya ƙi shiga ɗaki. Ya ɗauki kujerarta ya zauna a bakin ƙofar, yana gadin barcinta har ruwan ya ɗauke.

Yanzu shi ma an jera masa itace an rufe da ƙasa, ga damina na tafe. Ya Allah, Kai ka ga abin da bawan nan ya yi wa uwarsa. Ka yafe masa gaggawarsa, Ka yalwata masa makwanci, Ka riƙe rufin da ke kansa. In ruwa ya sauka bana, Ka ba shi irin barcin da ya samar mata.